Yadda Ɗan Kasuwa a Legas Zai Tsara Karɓar Sammaci Bayan Sauye-sauyen Dokar Kamfanoni da Ƙa'idojin Kotu

Wani dattijo da na daɗe da sani, mai sauke wake da albasa a kasuwar Mile 12, ya je banki wata safiya domin ya tura wa masu kawo masa kaya kuɗinsu, sai aka shaida masa cewa an riƙe asusun kamfaninsa bisa umarnin kotu. Bai taɓa shiga kotu ba, bai kuma taɓa ganin sammaci da idonsa ba. Da lauya ya bi diddigin fayil ɗin, sai aka gano cewa shekarun baya ya yi wa kamfanin rajista da adireshin wani shago a Agege, daga baya ya tashi daga shagon bai sanar da hukuma ba. A can masinjan kotu ya ajiye takardun, ya koma ya yi rantsuwar cewa ya isar, shari'a ta ci gaba, aka yanke hukunci a bayan idonsa. Abin da ya fi damuna a lamarin shi ne, yana da rasit da shaidun da za su kare shi, amma damar gabatar da su ta wuce tun kafin ya san ana nemansa.

Wannan rubutu na masu shago ne da masu kamfani da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa, daga Idi-Araba zuwa Obalende da Apapa. Ba zai maye gurbin lauya ba, amma zai nuna abin da mutum zai tsara da hannunsa kafin buƙatar lauya ta taso.

Isar da sammaci shi ne ginshiƙin shari'a. Tun a 1981, a shari'ar Skenconsult da Ukey, Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa idan ba a isar wa wanda ake ƙara da takardar da doka ta wajabta a isar masa ba, kotu ba ta da hurumin ci gaba a kansa, kuma abin da aka gina a kan wannan rashi rusasshe ne. Sai dai kalmar "isarwa" a wurin kotu ba ta nufin lallai takarda ta shiga hannun mai kamfani. Tana nufin an bi hanyar da doka ta shimfiɗa, kuma wannan hanya ta sauya a 'yan shekarun nan ta fuskoki biyu. Ta farko ita ce Ƙa'idojin Babbar Kotun Jihar Legas na 2019, waɗanda suka maye gurbin na 2012, suka kuma sanya imel cikin hanyoyin da alƙali zai iya ba da izinin isar da takarda idan an kasa samun mutum ido da ido. Ta biyu ita ce sabuwar dokar kamfanoni, CAMA, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a ranar 7 ga Agusta 2020, ta maye gurbin ta 1990. A ganina duka sauye-sauyen sun karkata ne ga abu ɗaya: sun sauƙaƙa wa mai ƙara, sun kuma ɗora wa wanda ake ƙara nauyin ya zama mai samuwa.

Mataki na farko shi ne ka san matsayinka a idon doka, domin hanyar da sammaci zai bi ya iske ka ta dogara ne a kan wannan. Idan sunan kasuwanci kawai ka yi wa rajista, to kai da kasuwancin abu ɗaya ne, bashinsa bashinka ne, kuma ana iya miƙa takarda gare ka, ko ga abokin tarayyarka, ko ga wanda ke gudanar da shagon a babban wurin kasuwancin. Idan kuwa kamfani ne mai iyakantaccen alhaki, wanda sunansa ke ƙarewa da Limited, doka na kallonsa a matsayin mutum na daban. Sashe na 104 na CAMA 2020, wanda shi ne sashe na 78 a tsohuwar dokar, ya ce takardar kotu ana isar wa kamfani ita ne ta hanyar da ƙa'idojin kotun suka tanada, sauran takardu kuma ana iya ajiye su ko a aika su ta gidan waya zuwa ofishinsa mai rajista ko babban ofishinsa. Ƙa'idojin Legas kuma sun ce ana iya bai wa darakta, ko sakatare, ko wani babban jami'in kamfanin, ko kuma a ajiye takardar a ofishi mai rajista, ko babban ofishi, ko wurin kasuwancin da kamfanin ke tallatawa a cikin jihar. Ƙungiyoyin kasuwa da kwamitocin masallatai da suka yi rajistar amintattu su ma wannan tsari ya shafe su, kuma ana iya bai wa ɗaya daga cikin amintattun.

A lura da kalmar "ajiye". Ba a buƙatar sa hannun darakta kafin a ce an isar wa kamfani.

Mataki na biyu, wanda shi ne mafi muhimmanci, shi ne ka duba adireshin da Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, take riƙe da shi a kanka. Shiga shafinta na binciken kamfanoni, ka rubuta sunan kamfaninka ko lambar rajistarsa, ka karanta abin da ya fito kamar yadda lauyan abokin shari'arka zai karanta shi. Da yawa daga cikin mutanenmu ejan ne ya yi musu rajista, kuma a lokacin gaggawa ya sanya adireshin ofishinsa, ko na gidan hayar da mai kamfanin yake zaune a wancan lokaci, ko na wani ɗan'uwa da tuni ya koma Kano ko Sakkwato. Legas kuwa gari ne da ba a daɗewa a wuri ɗaya: mai gida ya ƙara kuɗin haya, gobara ta tashi, rusau ya biyo, ko a tayar da ɓangaren kasuwa gaba ɗaya. Duk wannan bai shafi kundin hukuma ba, adireshin da ke ciki yana nan daram har sai kai ka sauya shi.

Doka ta ba kamfani kwana 14 ya sanar da CAC idan ya sauya ofishinsa mai rajista ko babban ofishinsa, kuma ba a karɓar akwatin gidan waya a matsayin adireshin ofishi. Ana yin sauyin ne ta shafin hukumar na intanet, a ɓangaren ayyukan bayan rajista. Daraktoci za su zartar da ƙudurin sauya adireshi a rubuce, a cike bayanan sabon wurin, a biya kuɗin hukuma, sannan a sauke sabon rahoton matsayin kamfani a tabbatar sabon adireshin ne ya fito a kai. Kada ka tsaya a kan maganar ejan cewa an gama, ka nemi rahoton ka gani da idonka. Idan akwai rahoton shekara-shekara da kamfanin bai shigar ba, a shirya biyan wannan bashi tare, domin shi ne ke yawan tsayar da irin wannan aiki. Wajen zaɓen adireshin, ka zaɓi wurin da kake da tabbacin za a samu mutum naka a cikinsa a ranakun aiki, wanda ke da lamba da sunan titi da baƙo zai iya ganewa. Rumfa a tsakiyar kasuwa wadda sai ɗan gari ke iya kai mutum ba ta dace ba, ko da a nan kake wuni. Doka ta kuma wajabta a rubuta sunan kamfani da lambar rajistarsa a wajen kowane ofishi da yake aiki a ciki, kuma wannan allo yana amfanar ka, domin yana hana a kai takardarka shagon maƙwabci.

Akwai wani sauyi a CAMA 2020 da mutane suka yi murna da shi ba tare da sun lura da abin da ya biyo bayansa ba. Yanzu mutum ɗaya zai iya kafa kamfani mai zaman kansa shi kaɗai, kuma ƙaramin kamfani ba dole ne ya naɗa sakatare ba. Sauƙi ne na gaske, amma a da sakataren nan, wanda sau da yawa lauya ne ko akanta, shi ne mai lura da takardun hukuma da na kotu. Idan babu shi, kuma mai kamfanin yana kan hanyar Arewa rabin wata, aikin ya zama ba na kowa ba.

Wannan ya kawo mu mataki na uku, wato naɗa mutum takamaimai da zai riƙa karɓar takardu. Dokar Najeriya ba ta tilasta wa kamfanin cikin gida ya ɗauki wakili mai rajista irin na Amurka, wato wanda aka naɗa domin karɓar sammaci a madadin kamfani, ba, amma hikimar tsarin tana da amfani a ko'ina, kuma kana iya gina naka a cikin shagonka. Zaɓi mutum mai iya karatun Turanci, wanda ba ya yawan tafiya, ka kuma sanya masa mataimaki. Ka saya musu littafi guda da za a riƙa rubuta ranar da takarda ta zo, da ƙarfe nawa, da sunan wanda ya kawo, da sunan kotun, da lambar ƙarar da ke saman shafin farko. Ka umarce su da cewa duk takardar da ke ɗauke da hatimin kotu ko kan wasiƙar lauya, a ɗauki hoton kowane shafi a turo maka a ranar, ba washegari ba. Ka zaunar da sauran yaran shago da maigadi ka yi musu bayani, domin galibi su masinja ke fara tararwa. Idan kana da lauyan da kuke aiki tare, kana iya ba shi izini a rubuce ya karɓi sammaci a madadinka, kuma ƙa'idojin kotu sun yarda da haka.

Dole in tsaya a kan wata al'ada da ta yi mana illa. Mutane da yawa sun ɗauka cewa idan ba su taɓa takardar ba, ko suka ce maigida ba ya nan, ko yara suka taru suka kori masinja, to shari'a ta tsaya. Ƙa'idojin Legas sun ce idan wanda za a bai wa takarda ya yi turjiya ko ya yi barazana, mai isarwa zai iya ajiye ta kusa da shi inda hannunsa zai kai, kuma hakan ya wadatar. Wanda ya ƙi karɓa ya rasa kwafin ƙarar da zai kai wa lauyansa, kwanakinsa kuma sun fara tafiya. Sa hannu a kan cewa ka karɓa ba amsa bashi ba ne, shaida ce kawai ta ranar da takarda ta iso. Haka nan mai kawo takardar ba lallai ne ya zama masinjan kotu da aka saba gani ba, wanda a nan ake kira belif, domin Babban Alƙalin jihar yana da ikon yi wa ofisoshin lauyoyi da kamfanonin kai saƙo rajista su yi wannan aiki. Ana isarwa ne tsakanin ƙarfe 6 na safe da 6 na yamma, ban da Lahadi da ranakun hutun gwamnati sai da izinin alƙali. Juma'a da Asabar suna cikin ranakun isarwa, don haka idan kowa zai tafi masallaci a san wanda zai fara dawowa.

Mataki na huɗu ya shafi waya da imel. Idan mai ƙara ya nuna wa alƙali, ta takardar rantsuwa, cewa an nemi mutum ba a same shi ba, alƙali na iya ba da izinin a bi wata hanya, kamar manna takardar a ƙofar gidansa na ƙarshe da aka sani, ko buga ta a jarida, ko aika ta ta imel. A 2004, a shari'ar Mark da Eke, Kotun Ƙoli ta nuna cewa wannan hanya ta musanya an yi ta ne domin mutum, kamfani kuwa a ofishinsa ake isar masa. To amma yawancin 'yan kasuwarmu da sunansu ake ƙarar su, ko a matsayin masu sunan kasuwanci, ko a matsayin waɗanda suka tsaya wa wani lamuni, saboda haka tana iya hawa kansu. Sannan a 2019, a shari'ar kamfanin Compact Manifold da kamfanin Pazan, Kotun Ƙoli ta amince cewa sanarwar ranar zaman kotu da aka aika ta saƙon waya ta wadatar. Don haka ka tattara duk imel da lambar wayar da ka taɓa rubutawa a yarjejeniyar haya, da takardar bashin banki, da kan rasit, da rajistar CAC. Wanda ka manta kalmar sirrinsa ka farfaɗo da shi, wanda yaron da ya buɗe maka ya tafi da shi ka sauya shi, ka kuma sanar da abokan hulɗarka a rubuce. A riƙa duba akwatin saƙon aƙalla sau biyu a mako, har da ɓangaren da saƙonnin banza ke faɗawa.

Mataki na biyar shi ne abin da za a yi ranar da takarda ta iso. Ka karanta shafin farko ka ga wace kotu ce, wa ya yi ƙara, kuma kwana nawa aka ba ka. A Babbar Kotun Jihar Legas, sammacin ƙarar da aka saba yana ba da kwana 42 a shigar da takardar bayyana da ta kariya, tare da sunayen shaidu da rantsuwarsu da kwafin takardun da za a dogara da su. A Babbar Kotun Tarayya kwana 30 ne. Kotun ƙananan basussuka, wadda Legas ta kafa a 2018 a ƙarƙashin kotunan majistare, wa'adinta gajere ne ƙwarai, na 'yan kwanaki, don haka adadin da ke rubuce a kan takardarka shi ne abin bi. Ka fara ƙirga daga ranar da aka kawo ta, ka kai wa lauya cikin kwana biyu ko uku, domin tattara rasit da neman direban da ya kai kaya da samo bayanan banki suna cin lokaci. Wanda ya makara a Babbar Kotun jihar sai ya nemi ƙarin lokaci, kuma ƙa'idojin 2019 sun ɗaga tarar jinkiri daga naira 200 zuwa naira 1,000 a kowace rana. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya ya nufi Ofishin Kare Jama'a na Jihar Legas ko Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta tarayya ya gabatar da matsalarsa.

Kafin sammaci ma, yawanci wasiƙa ce ke fara zuwa, domin ƙa'idojin Legas sun wajabta wa mai ƙara ya nuna cewa ya gabatar da buƙatarsa ya kuma nemi sulhu kafin ya shigar da ƙara. Wannan wasiƙa ita ce dama mafi arha da za ka samu. A lokacinta ne shiga tsakanin Sarkin Hausawa ko shugabannin kasuwa zai fi tasiri, akwai kuma cibiyar sulhu ta Multi-Door da ke aiki tare da kotun tun 2002. Sai dai zaman sulhu a fada ba ya tsayar da ƙirgen kwanakin kotu, a yi su tare, kuma duk abin da aka cimma a rubuta shi a kai gaban alƙali.

Ga masu kasuwanci tsakanin Legas da gida akwai ƙarin bayani. Idan sammaci ya fito daga babbar kotun wata jiha, a ce Kano ko Kaduna, za a kuma isar da shi a Legas, sashe na 97 na dokar masinjojin kotu da isar da takardu ya wajabta a rubuta a jikinsa cewa za a isar da shi a wajen jihar da ta fitar da shi, sashe na 99 kuma ya ce wa'adin amsawa ba zai gaza kwana 30 ba. Idan ka ga babu wannan rubutu, ka nuna wa lauyanka tun kafin a shigar da wata takarda, domin irin wannan ƙorafi a farko ake ɗaga shi.

Idan kuwa labarin hukunci ka fara ji, kamar dattijon da na ambata, a ranar za ka nemi lauya ya je rajistar kotun ya nemi kwafin takardar rantsuwar isarwa, wadda ke nuna inda aka kai, da ranar, da wanda aka bai wa. Idan ta nuna an kai wurin da ba ofishinka ba ne ta kowace fuska, akwai hujja mai ƙarfi ta neman a soke hukuncin. Idan ta nuna adireshin da kai ka bai wa CAC, aikin ya yi nauyi, sai an gamsar da alƙali da dalilin rashin zuwa, da cewa ba a yi jinkiri ba bayan an sani, da kuma cewa akwai kariya ta gaske.

Mataki na ƙarshe na matasanmu ne da suka buɗe kamfani a ƙasashen waje daga nan Legas domin sayar da kaya ko karɓar kuɗi ta intanet. A jihohin Amurka irin su Delaware da Wyoming, dole kamfani ya kasance da wakili mai rajista wanda ke da adireshi na zahiri a cikin jihar, kuma aikinsa shi ne ya karɓi sammaci da takardun gwamnati ya tura wa masu kamfanin. Da zarar an miƙa masa, an isar wa kamfaninka, ko kana Agege kana barci, kuma a kotun tarayyar Amurka kwana 21 ne wa'adin amsa ƙara. Delaware ta wajabta wa kamfani ya bai wa wakilinsa suna da adireshi da lambar wayar mutumin da za a riƙa tuntuɓa, kuma daga 1 ga Agusta 2025 ta hana wakili ya gudanar da aikinsa ta ofishin intanet kawai ko ta kamfanin tura wasiƙu kawai. A Birtaniya ma, daga 4 ga Maris 2024, hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasar, Companies House, ta daina karɓar akwatin gidan waya a matsayin ofishi mai rajista, tana buƙatar adireshin da takarda za ta isa hannun wani mai wakiltar kamfanin, tare da imel mai rajista.

Abin yi a nan shi ne ka buɗe takardun kafa kamfanin ka ga sunan wakilin da aka rubuta, domin sau da yawa dillalin da ka biya daban ne da wakilin. Ka shiga shafin wakilin ka tabbatar imel da lambar wayar da ke ciki naka ne, masu aiki, ka kuma rubuta ranar sabunta kuɗinsa na shekara a inda ba za ka manta ba, ka tanadi katin da zai iya biyan dala kafin ranar ta zo. Wakilin da ba a biya ba yana da ikon ajiye aikin, kuma a Delaware murabus ɗinsa na fara aiki kwana 30 bayan ya shigar da shi. Idan ba a naɗa wani a cikin wannan wa'adi ba, jihar na soke rajistar kamfanin. Idan kai ne ke son sauya wakili, ka fara ƙulla yarjejeniya da sabon, a shigar da takardar sauyin a ofishin Sakataren Jiha, wanda ke riƙe da kundin rajistar kamfanoni, ka ga sunansa ya fito a kundin jihar, sannan ka sallami tsohon.